Mai Duban Wata da Hayaƙin da Ba a Hura Wutarsa Ba

Aron juna Allah Ya ba mu, kuma Shi ne Yake karɓar abinSa ranar da Ya ga dama. Wannan karon yayana Ya karɓa, wanda muka fito ciki ɗaya, a farkon watan Sha'aban, wata Talata da hantsi, yana zaune a kan buzunsa da carbi a hannu. Allah Ya lulluɓe shi da rahama.

Ni ban iya riƙe alƙalami ba. Faɗa nake yi matar ɗansa tana zubawa a takarda, don kada abin da na gani ya bi ni kabari.

Kwana uku aka yi ana zaman gaisuwa, kuma a kwana ukun nan na lura kowa da tambayar da ya zo da ita. Wani tsoho daga Kademi, abokinsa tun suna samari, aka ɗauko shi a bayan babur. Ko zama bai yi ba muka jiyo muryarsa daga zaure yana cewa, "To jama'a, azumi ya ƙarato. Wa zai hau tudun?" Dangin marigayi mijina suka zo daga Toranke, ɗayarsu ta matso kusa da kunnena ta ce, "Iya, wai da gaske ne har ya bar duniya bai taɓa cewa ya ga wata ba alhali bai gani ba?" Na ce da gaske ne. Jikar yayana ta taso daga Kano ba ta samu jana'iza ba. Ta gaishe mu, ta ajiye jakarta, ta fice ta ƙofar baya. Da aka leƙa sai ga ta can a kan tudu ita kaɗai, ta fuskanci yamma.

Rana ta uku sai ga manajan kamfanin casar shinkafa. Ya roƙi a shigo da shi ya gaishe ni. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tashi ya ce, "Iya, ranar ashirin da tara ga wata, mu ma mu kashe wutarmu?"

Na ce, "Ku yi aikinku, ɗana. Ai ya riga ya kawar da ku daga hanya."

Matan da suka zo daga nesa suka dubi juna. Bayan fitarsa suka ce in warware musu. To, ga warwarar.

Yayana manomi ne kamar kowa a unguwarmu ta wajen Balan, gero da dawa da ɗan wake, in ruwa ya yi kyau ya taɓa shinkafa a fadama. Amma abin da aka san shi da shi duban wata ne, har sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba sai dai Mai Wata. Akwai wani tudun yashi a gabas da gidajen unguwa. Duk ranar ashirin da tara, da rana ta yi ja, sai ya wanke fuska, ya rambaɗa kwalli, ya ɗauki buzu da buta ya hau. Daga can yake duban yamma ta saman rufin gidajenmu.

Can nesa, inda sama ta haɗu da ƙasa, akwai itatuwa a jere. In ka fara daga hannun dama, rimi ne. Sai gawo, sai kuka a tsakiya, sai wasu giginyu guda uku, sai tsamiya a ƙarshen hagu. Waɗannan yake kira ƙofofin wata. Yakan ce, "Wata baƙo ne mai ƙofa biyar. In ka zauna a ƙofa ɗaya kana jiransa, ya shige ta wata." Da damina jinjirin watan yakan karkata dama, wajen rimi. Da sanyi ya koma hagu, wajen tsamiya. Shi kuwa watan azumi a hankali yake takawa, kowace shekara ya ɗan gusa, sai mutum ya haifi ɗa har ɗan ya yi iyali kafin ya dawo ƙofar da ya bari. Da wani mai gona ya sare gawon nan, kwana uku Yaya bai amsa gaisuwarsa ba. Allah Ya sa masu waya suka kafa dogon ƙarfensu kusa da wurin, sai ya ce, "To, an yi wa wata ƙofar ƙarfe," ya huce.

Saboda shi unguwarmu take da wata al'ada. Ranar duban watan azumi da ranar duban watan salla, ba matar da take hura wuta da yamma sai Mai Wata ya sauko. A gidanmu kuwa kowane wata ne. A kan wannan muka yi faɗanmu guda ɗaya da nake tunawa. Bayan rasuwar mijina na dawo gidan Yaya da zama, shekaru sun yi nisa, na manta. Na ɗora tukunya, itacen kuwa ɗanye. Ban ankara ba sai ga shi tsaye a kaina.

Ya ce, "Auta, tuwo ne ya fi wata sauri?"

Na ce, "Yaya, mutanen gida suna jin yunwa."

Ya ce, "Yunwar rabin sa'a ba ta kisa. Wata kuwa in ya faɗi sai gobe."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Hayaƙin tukunya ɗaya ne zai rufe sararin Allah?"

Ya kama hannuna, da furfurata da komai, ya ja ni har kan tudun ya ce in duba. Wallahi sai na ga hayaƙin tukunyata ɗaya tak ya miƙe a saman gidaje kamar an shanya farin zane, ya yanke kuka gida biyu. Ya ce, "Da rana hayaƙi tashi yake yi. Da almuru kwanciya yake yi, kamar wanda ya wuni a gona." Na sauko na zuba wa wutar ruwa. Ranar da 'yar fura muka kwana, kuma ban sake ba.

Yana da wani aboki wanzami da idonsa ya tafi. Duk duban watan azumi sai Yaya ya bi ta gidansa ya riƙo sandarsa su hau tare. In watan ya bayyana sai ya kama damtsen makahon nan ya ɗaga, ya saita masa yatsa, ya ce, "Ga shi nan, daidai kan farcenka." Shi kuwa ya yi kabbara kamar ya gani. Mutane suna dariya da farko, daga baya suka daina.

Wata shekara kuma aka sha azumi cikin zafi, kowa ya galabaita, ga hadari ya taru a yamma. Samari suka kewaye shi suna cewa ai an gani a wasu garuruwa, ya ce ya gani mana a huta. Ya ce, "In manya suka sanar, mun bi. Amma kada wanda ya kai wa dagaci cewa ni na gani, don ban gani ba."

To ana nan ana nan, sai labari ya zo cewa za a kafa kamfanin casar shinkafa a yankinmu. Murna ta cika gari, don masu noma shinkafa za su huta da kai shanshera nesa a casa musu, samari kuma za su samu aiki. Yaya ma ya yi murna. Aka ce fili biyu aka nuna musu, ɗaya a yamma a bakin kwalta, ɗaya a kudu maso gabas inda sai an yi hanyar birji. Kamfani ya fi son na bakin kwalta. Aka ce kuma za su riƙa dafa shinkafar a manyan tukwane, da buntun shinkafar za su riƙa hura wutar, hayaƙin ya fita ta wani dogon bututu. Amma doka ba ta yarda a aza tubali ba sai an binciki inda hayaƙin zai nufa. Ofishin da aka ba aikin binciken a Kano yake, kuma a nan jikarsa take aiki, 'yar babban ɗansa. Da yake 'yar gari ce, ita aka turo.

Ta zo wata Asabar da kwamfutarta a jaka. Bayan azahar muka zauna a inuwar darbejiya ta tsakar gida. Kun san wasan jika da kaka. Ya ce, "Amarya, me kika kawo wa angonki? Wannan faifan ƙarfen?"

Ta ce, "Tsoho, hayaƙi na kawo maka."

Ta buɗe, sai ga hoton wani fili da bututu a tsaye, hayaƙi yana fita yana tafiya. Lokacin idon Yaya ya fara yana, sai da ya kai hancinsa dab da gilashin. Ya ce, "Wannan a wane gari ne?"

Ta ce, "Ba a ko'ina ba. Ba a gina shi ba tukuna."

Ya ɗago ya dube ta. "Hayaƙin da ba a hura wutarsa ba?"

Ta ce, "Shi. Ni nake gaya mata tsawon bututun, da yawan buntun da za a ƙona, da yadda iska take kaɗawa a nan safe da yamma, rani da damina. Ita kuma ta yi lissafi ta zana mini inda zai bi, da kaurinsa, da abin da zai rufe."

Ban taɓa ganin yayana ya zama yaro ba sai ranar. Ya gyara zama ya ce, "Ƙara wa bututun tsawo." Ta ƙara, hayaƙin ya ɗaga ya bi ta sama. "Rage masa." Ta rage, ya sauko. "Kawo iskar damina." Hayaƙin ya juya. Sai ya ɗan yi murmushi irin na mai shirya tarko, ya ce, "To kashe iskar. Ki kai rana bakin faɗuwa, lokacin sanyi."

Ta danna. Muna kallo hayaƙin nan ya daina tashi, ya kwanta, ya miƙe siriri. Yaya ya buga cinyarsa ya ce, "Auta, zo ki ga tukunyarki!"

Bai ƙyale ta ba. Ya ce, "In rana tana bayana, hayaƙi baƙi nake ganinsa. In ina fuskantarta sai ya yi fari ya kashe mini ido. Ta san wannan?" Jikar ta juya hoton, hayaƙin ya yi duhu, ta sake juyawa, ya yi fari fat. Ta ce ƙananan ɓurɓushin da ke cikinsa ne suke watsa hasken rana zuwa idon mai kallo. Ya girgiza kai ya ce, "Wanda ya koya wa abin nan karatu ya taɓa zama kusa da murhu."

Ta gaya mana cewa abin da aka turo ta ta auna shi ne wanda zai shaƙi hayaƙin. Auna abin da zai rufe wa ido kuwa ita ta ƙara don kanta. Ta ce a wasu ƙasashe ana yi ne saboda manyan duwatsu da kwazazzabai da mutane suke tafiya takanas su je kallo, don kada hayaƙin masana'antu ya dushe su. Ta ce, "Mu nan ba mu da irin wannan."

Ya ce, "Wa ya gaya miki? Mu namu abin kallon sau ɗaya yake fitowa a wata, kuma ba ya daɗewa."

Da la'asar suka hau tudun, ina biye da su. Ta ɗauki hoton yamma da wayarta, daga rimi har tsamiya. Sannan ta yi masa tambaya, kuma a nan kuskuren ya shiga. Ta ce, "Kaka, a ina kake ganin watan azumi?" Ya miƙa hannu ya ce, "Bara a kan kuka ya tsaya." Ta rubuta kuka. Ita a birni ta girma, a wurinta wata a yamma yake fitowa, shi ke nan. Shi kuma bai taɓa zaton akwai mai hankalin da bai san wata yana sauya ƙofa ba. Ni ma ina tsaye, na ji tambayar na ji amsar, ban ce uffan ba.

Bayan wata huɗu aka kira taron jin ra'ayin jama'a a filin makarantar firamare. Maza a gaba, mu mata a gefe. Dagaci yana nan, liman yana nan, ga manajan kamfani, ga shugaban ofishin su jikar tamu. Ta miƙe ta yi bayani tiryan-tiryan, har ubanta yana gyara hula don jin daɗi. Aka ɗaga wani babban hoto na yammacin garinmu, da hayaƙin da kwamfuta ta zana a kai. Ta ce ko wurin duban wata ma an duba, ba abin da zai same shi.

Lokacin idon Yaya ya ƙara yin baya, ba ya hango hoton. Ya ce, "Amarya, karanta mini. Ina hayaƙin ya kwanta?"

Ta ce, "Ya bar maka kukarka sarai, Kaka. Ta hagu ya bi, kan giginyu da tsamiya."

Sai ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an toshe ƙofa biyu."

Ya yi musu bayanin ƙofofin nan biyar. Ya ce watan azumi yana barin kuka, hagu ya nufa, kuma cikin sanyi zai riƙa zuwa, lokacin da hayaƙi ya fi kwanciya. Manajan ya yi murmushi ya ce, "Baba, da girmanka, ai yanzu a rediyo da waya ake jin tsayuwar wata."

Yaya ya ce, "Ita rediyon a ina ta gani? Wani ne ya tsaya a kan tudu irin nawa ya gani ya gaya mata. In kowane gari ya toshe tudunsa yana jiran rediyo, ita kuma wa za ta jira?"

Wani saurayi daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Baba, wata ne zai ba mu aiki?"

Ya ce, "A'a, ɗana. Amma in ka samu aikin, shi zai gaya maka ranar hutun salla."

Aka yi dariya, amma taron bai watse da daɗi ba. Samari suna gunaguni cewa tsoho zai kore musu kamfani. Ɗansa ya sunkuyar da kai. Jikar kuwa ta naɗe hotonta, ta wuce gida, ta shige ɗakina ta kwanta rub da ciki. Ta ce, "Iya, a gaban ogana Kaka ya ce aikina bai yi ba. Da bakinsa ya ce mini kuka."

Bayan la'asar sai na ji sandarsa a bakin ƙofa. Ya ce, "Amarya, yaji kika yi?"

Ta juya fuskarta bango.

Ya ce, "Biko na zo. Laifina ne. Kin tambaye ni gidan baƙo, na nuna miki inda ya kwana jiya. Tashi ki ɗauko faifan ƙarfen nan, ina da tambaya. Ya san inda wata ya tsaya a shekarun da suka wuce?"

Ta ɗago da jajayen idanu ta ce, "Ya sani."

Ya ce, "To mu gwada shi, shi ma ya gwada ni."

Suka zauna a tabarma. Ya ce, "Shekarar da aka haife ki, azumi cikin sanyi aka yi shi, har ana ɗumama ruwan alwala. Wata a kan tsamiya ya tsaya. Tambaye shi." Ta danna, ta auna da hoton da ta ɗauka. Ta ce, "Kan tsamiya." Ya ce, "Shekarar da kika sauke Alƙur'ani, muna noma na biyu da ƙishirwa a baki. Kan rimi." Ta danna. Ta dube shi ta dubi gilashin. Ta ce, "Kan rimi." Haka suka yi ta yi, yana faɗa tana dubawa, ko sau ɗaya ba su saɓa ba. Ya ce, "Shekarar da aka kai Auta Toranke ma kan tsamiya ne, amma wannan ba sai an tambayi ƙarfe ba, ga shaida a zaune." Na ce haka ne, don da bargo aka lulluɓe ni a hanya.

Sannan ya ce, "To yanzu tambaye shi gaba."

Ta tura shekarun gaba ɗaya bayan ɗaya. Muna kallo ɗan watan nan yana tafiya hagu, ya shiga giginyu, ya wuce tsamiya, ya juyo, duk a ƙarƙashin farin hayaƙin nan. Ta ce yaran da ake goyo yanzu sai sun fara azumi kafin ya fito daga ciki. Ta dafe baki. Shi kuwa ya ce, "Kin gani? Abin nan ba ya ƙarya. Tambaya ce ba mu iya yi masa ba, ni da ke."

Ta koma Kano ta sake aikin tun daga tushe, kuma ta rubuta da hannunta cewa na farkon da kuskure. Na san abin bai yi mata sauƙi ba a ofis, don sati uku ba ta kira kowa ba. Amma da ta sa kwamfutar ta bi yammacin kwanakin sanyi ɗaya bayan ɗaya, sai wani abu ya fito wanda ba wanda ya nema. Hayaƙin nan da yake kwanciya a kan giginyu, kafin ya kai can sai ya ratsa kwalta, daidai lokacin da motoci suke dawowa daga kasuwa, har direba ba zai hango abin da ke gabansa da nisa ba. Ta gwada filin kudu maso gabas kuma. A can, da sanyi hayaƙin daji yake nufa, can hagu da tsamiya. Da damina ya bi ta bayan mai tsayuwa a tudu.

Ba zan yi wa mamaci ƙarin gishiri ba. Maganar kwaltar nan ce ta fi motsa kamfani da hukuma. Da aka gaya wa Yaya an koma filin kudu, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Wata ya ceci direbobi, direbobi sun ceci wata. Kowa ya biya."

Ya aika wa manajan cewa ranar ashirin da tara ya zo ya hau tudu. Ya zo kuwa, da takalminsa mai ƙyalli yana nutsewa a yashi. Ashe mutumin nan, da gemunsa da 'ya'yansa, bai taɓa ganin jinjirin wata a daren farko da idonsa ba. Ranar ya hango shi, siriri kamar an ja zare. Tun daga ranar in zai wuce sai ya tsaya ya gaida Baba.

Aka gina kamfani, samari suka samu aiki, har da mai tambayar nan ta bayan taro. Amma kafin bututun ya fara hayaƙi idon Yaya ya rufe gaba ɗaya. Duban watan azumin bara ni na riƙe masa sanda muka hau. Jama'a sun taru suna ta dube-dube, ba wanda ya ga komai. Ya ce in juya shi ya fuskanci kuka. Na juya shi. Sai ya lalubo damtsena ya ɗaga, ya ɗan karkatar da shi hagu, ya ce, "Auta, bi farcenki." Na bi. Yana nan, tsakanin kuka da giginyu. Na yi kabbara, tudu ya ɗauka. Ya ce a hankali, "Baɗi a kan giginyar farko zai zauna. Ku gaishe shi."

Wannan ita ce warwarar da na yi wa matan nan ranar uku. Abin da ya biyo baya kuwa ba su gani ba, don sun riga sun koma gida.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban ta zo. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya aika gida-gida. Amma da rana ta yi ja na fito tsakar gida na ɗaga kai, ko siririn hayaƙi babu a saman unguwarmu. Na ɗauki tandun kwallinsa na sa a idona, na hau. Na tarar da liman, da tsohon nan na Kademi, da ɗansa, da manajan. Can hagu ta bayan kafaɗata bututun kamfani yana ta aikinsa, hayaƙinsa ya kwanta ya nufi daji. Yamma kuwa tas, daga rimi har tsamiya.

Jikarsa ta zo daga Kano da jakarta. Ubanta ya ce, "Buɗe mana ki gaya mana inda za mu duba."

Ta ce, "Baba, ai an riga an gaya mana." Ba ta buɗe jakar ba.

Muka tsaya. Ja ya fara dushewa. Ni idona ruwa yake kawowa, ban san ko kwallin ne ba. Sai na ji an kama damtsena an ɗaga. Ta ce, "Iya, bi farcenki."

Yana nan a kan giginyar farko, kamar an ɗora shi da hannu.

Na gaishe shi kamar yadda aka ba ni saƙo. Liman ya aika wa dagaci. Na ce Allah, bawanKa ya yi shekaru yana tsaron ƙofar baƙonKa bai taɓa yi masa ƙarya ba, Ka buɗe masa taKa ƙofar, Ka mayar masa da idonsa a inda babu abin da yake tare gani. Aka shafa.

Sannan na sauko na hura wuta.